Hasumiyoyin Fitila Na Norwe: Fasahar Sama Da Shekara 360 Da Ta Ƙi Mutuwa A Zamanin GPS

A can ƙuryar arewa maso gabashin ƙasar Norwe, kusa da garin Kirkenes da ke bakin iyakar Rasha, matuƙan jiragen sama sun saba da wani abu da zai ɗaure wa duk mai amfani da Google Maps kai. Ana cikin tafiya sai GPS ya ɗauke ɗif, na'urar jirgi ta kasa faɗin inda take. Tun shekarar 2017 ake samun wannan matsala a yankin Finnmark, ta kuma ƙaru sosai bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukren a 2022. Hukumomin Norwe sun ce daga ɓangaren Rasha ake toshe siginar. Rasha ta musanta zargin a 2018.

A bakin mashigin ruwan da ke kaiwa Kirkenes ɗin akwai wata tsohuwar hasumiyar fitila mai suna Bøkfjord, wadda aka fara kunnawa a 1910. Ita ce ta ƙarshe a duk faɗin Norwe da aka janye ma'aikata daga cikinta, a shekarar 2006. A wancan lokaci mutane da yawa sun ɗauka zamanin irin waɗannan gine-gine ya wuce, tun da tauraron ɗan'adam ya karɓi aikin. Sai ga shi har yau fitilar tana ci, a daidai yankin da siginar tauraron ke yawan ɓacewa.

Gaɓar tekun da ba ta yafe kuskure

Hasumiyar fitila gini ne mai tsawo a bakin teku ko a kan wani dutse a tsakiyar ruwa, da fitila mai ƙarfi a samansa. Aikinta biyu ne: ta gargaɗi matuƙin jirgin ruwa cewa akwai haɗari, ta kuma nuna masa inda yake. Tsawon ginin ba ado ba ne. Saboda lanƙwasar duniya, mutumin da ke tsaye a bakin ruwa ba ya hangen fuskar teku fiye da kilomita biyar. Fitilar da aka ɗaga mita 40 kuwa haskenta na kaiwa kusan kilomita 23 kafin teku ya ɓoye shi, kuma wanda ke saman babban jirgi zai hango ta daga nesa fiye da haka.

Ƙasashe kaɗan ne suka buƙaci wannan fasaha kamar Norwe. Idan aka bi duk lunguna da tsibiranta, tsawon gaɓar tekunta ya haura kilomita 100,000, tsibiran kuma sun fi 200,000, yawancinsu duwatsu ne tsirara da igiyar ruwa ke rufewa tana buɗewa. A arewacin ƙasar rana ba ta fitowa sam na kusan wata biyu a tsakiyar hunturu. A cikin wannan duhu da sanyi ne masunta ke fita kamun kifin da ake shanyawa a tsibiran Lofoten, wanda har yau Najeriya na cikin manyan masu sayensa. Kafin zuwan tituna da jiragen sama, teku ne babbar hanyar ƙasar.

An fara da kyandir 30

Fitilar farko ta ƙasar an kunna ta ne a 1656 a Lindesnes, wuri mafi kudu a babban yankin Norwe, inda jiragen da ke shiga ko fita Tekun Baltik ke wucewa. A lokacin Norwe na ƙarƙashin sarkin Denmak. Sarki Frederik na Uku ya bai wa wani ɗan kasuwa, Povel Hansen, izinin gina ta da karɓar kuɗi daga jiragen da ke amfana. Abin da ya saka a saman hasumiyarsa ta katako shi ne kyandirori 30 na kitse a bayan tagogin gilashi. Hasken bai kai ko'ina ba. Matuƙa suka yi ta ƙorafi, kafin shekara ta zagayo aka rufe wurin. Sai a 1725, bayan shekara 69, aka sake kunna wuta a Lindesnes.

A karo na biyu gawayin kwal aka riƙa ƙonawa a fili. Wata dabarar ta wancan zamani ita ce irin wadda aka kafa a tsibirin Kvitsøy a 1700: dogon itace da aka ɗora a kan ginshiƙi kamar jigon ban ruwa, da kwandon ƙarfe a bakinsa. A cika kwandon da kwal, a hura wuta, a ɗaga shi sama. Iska ta kashe ko ta cinye kwal ɗin da wuri, a sauke a sake.

Akwai kuma matsalar da ta fi ƙarancin haske haɗari. Wuta dai wuta ce, babu suna a jikinta. Matuƙin da ya hango wutar Lindesnes zai iya ɗauka ta Skagen ce a Denmak, can ɗaya gefen ruwan, ya juya jirginsa kai tsaye cikin duwatsu. Maganin da aka samo shi ne a hura wuta ta biyu a tsibirin Markøy da ke kusa. Wuta biyu Lindesnes ke nan, wuta ɗaya wani wuri ne. Hanya ce mai tsada, domin komai sai an ninka shi biyu, amma ita ce farkon tunanin bai wa kowace fitila alamar da za a gane ta da ita.

Gilashin da ke cikin filashar waya

Babban sauyi daga Faransa ya zo. Hasken fitila na bazuwa ko'ina: sama, ƙasa, baya. Kaɗan ne ke nufar teku inda ake buƙatarsa. Gilashi mai tudu, irin wanda yara ke ƙona takarda da shi a rana, zai iya tattara hasken wuri guda, sai dai wanda zai dace da hasumiya zai yi kauri da nauyin da ba za a iya ɗauka ba, kuma kaurin zai shanye hasken.

Wani injiniya mai suna Augustin Fresnel ya lura cewa lanƙwasar fuskar gilashi ce ke karkata haske, naman cikinsa ba ya aikin komai. Sai ya yanka lanƙwasar zuwa zobba-zobba, ƙarami cikin babba, ya zubar da kaurin. Ya ƙara wasu gilasai masu kusurwa uku a sama da ƙasa don su kamo hasken da zai tsere su mayar da shi gaba. An fara amfani da ƙirarsa a hasumiyar Cordouan ta Faransa a 1823. Da fitilar mai guda ɗaya aka samu hasken da tulin kwal bai taɓa bayarwa ba.

Lindesnes ta samu irin wannan gilashi a 1854, mafi girman aji, wanda mutum ke iya shiga cikinsa ya miƙe tsaye. Hasumiyar ƙarfe da ke wurin yanzu, mai tsawon mita 16, an gina ta a 1915.

Duk wanda ya kalli filashar bayan wayarsa da kyau, a wayoyi da yawa zai ga wasu siraran da'irori a jikin murfinta. Ƙirar Fresnel ce aka ƙanƙantar da ita cikin roba, don ƙaramin ƙwan LED ya haska fuskar wanda ake ɗauka hoto maimakon ya watse. Ita ce kuma a cikin tabarau na VR irin su Quest 2 da HTC Vive, saboda dalili ɗaya da na shekara 200 baya: ana son gilashi mai ƙarfi wanda ba shi da nauyi.

Kowace fitila da sa hannunta

Gilashin Fresnel ya kuma warware matsalar suna. Idan aka raba shi fuska-fuska aka sa yana juyawa a kewayen fitilar, wanda ke teku zai ga walƙiya duk lokacin da wata fuska ta fuskance shi. Yawan fuskokin da saurin juyawar su ke ba da tsari: wata hasumiya walƙiya ɗaya duk daƙiƙa 20, wata uku a jere sannan duhu. Ana rubuta tsarin kowacce a taswirar teku. Matuƙi ya ƙirga da agogo, ya duba taswira, ya san wace ce yake gani. Da ya samu biyu ya auna kusurwarsu da kamfas, inda layukan biyu suka haɗu a taswira nan jirginsa yake.

Juya gilashi mai nauyin tan-tan ba tare da lantarki ba shi ma sai da dabara. Ana rataye wani nauyi a igiyar ƙarfe yana sauka a hankali cikin hasumiyar, yana juya haƙoran inji kamar na tsohon agogon bango, mai gadi kuma ya riƙa naɗe shi sama. Daga ƙarshen ƙarni na 19 aka fara ɗora manyan gilasai a kan kwarmin zaiba, inda suke yawo a sama, har mutum na iya tura su da yatsa.

A cikin lungunan Norwe masu ƙunci an fi dogara da wata dabarar, wato fitila mai launi uku. Fitila ɗaya ce, amma an sa mata gilasai masu launi ta yadda launin da mutum zai gani ya danganta da inda yake. A tsarin ƙasa da ƙasa, jirgin da ya nufi fitilar yana ganin fari matuƙar yana kan hanya mai kyau. Ya karkata hagu sai ta koma ja, ya karkata dama ta koma kore. Babu abin da matuƙi ke buƙata ya saya ko ya yi wa caji. Idonsa ne na'urar.

Na'urar jin haske da ba ta cin batir

Babban kuɗin da hasumiya ke ci shi ne na mutanen da za su kunna ta da magariba su kashe da asuba. A ƙananan duwatsun da ba a iya zama, wannan ba ya yiwuwa. Wanda ya kawo mafita ɗan ƙasar Suwidin ne, maƙwabciyar Norwe, mai suna Gustaf Dalén na kamfanin AGA.

Ya yi aiki da iskar gas ta asitilin, irin wadda masu walda ke samu daga kabayid. Tana ba da farin haske mai ƙarfi amma tana da tsada. Da farko ya ƙera abin da ke sakin gas ɗin kaɗan-kaɗan, wani ɗan ƙaramin harshen wuta da ba ya mutuwa yana kunna shi, fitilar ta riƙa walƙiya maimakon ci ba tsayawa. Wannan kaɗai ya rage cin gas da kusan kashi 90 cikin 100.

A 1907 ya fito da bawul ɗin rana. Sandar ƙarfe ce baƙa a tsakiya, da wasu sanduna masu sheƙi a kewaye, duka a cikin bututun gilashi. Da gari ya waye baƙar sandar ta fi sauran shan haske, ta ɗan yi zafi, ta ƙara tsawo kaɗan, wannan ɗan motsi ya rufe hanyar gas. Da duhu ya shiga ta huce ta koma daidai da 'yan'uwanta, hanya ta buɗe. Aikin da na'urar jin haske ke yi a saman allon waya, ko a fitilun sola na kan titi, shi wannan sanda ke yi, babu waya babu batir.

An ba Dalén kyautar Nobel ta kimiyyar fiziks a 1912 saboda wannan aiki. A shekarar ce kuma tukunyar gas ta fashe lokacin wani gwaji ta makantar da shi, ɗan'uwansa ne ya je ya karɓar masa kyautar. Ya ci gaba da jagorantar kamfanin har rasuwarsa a 1937.

Masu gadi, yaƙi da sallama

Norwe ta gina hasumiyoyi masu ma'aikata sama da 200, mafi yawansu a ƙarni na 19, musamman zamanin Carl Fredrik Diriks wanda ya shugabanci hukumar fitilun daga 1855 zuwa 1881. An fi son ƙarfen zubi, domin ana ƙera shi gunduwa-gunduwa a masana'anta, a kai shi da jirgi, a ɗaure da kusoshi a kan dutsen da ba a samun kwanakin aiki masu yawa. Færder da ke bakin mashigin Oslo, ta 1857, tsawonta mita 43. Sletringen ta fi kowacce da mita 45. Slettnes, mai mita 39, da aka kunna a 1905, ita ake kira hasumiyar fitila mafi arewa a duniya da ke kan babban yanki ba tsibiri ba.

A wurare da yawa mai gadi da matarsa da 'ya'yansa a nan suke zaune shekara da shekaru. Ruwan sama suke tarawa su sha, guguwa kan hana jirgin kayan abinci zuwa na makonni. Aikin shi ne goge gilashi, zuba mai, naɗe injin juyawa, da zaman gadi har gari ya waye. Da yawansu kuma su ne ke aika rahoton yanayi.

A ƙarshen 1944, sojojin Jamus da ke janyewa daga Finnmark sun ƙone garuruwa sun kuma tarwatsa hasumiyoyin yankin, har da Slettnes da Bøkfjord. Bayan yaƙi sake gina su na cikin ayyukan da aka fara, domin babu yadda za a kai kayan gini da abinci arewa ba tare da fitila ba. Slettnes ta dawo aiki a 1948.

Abin da yaƙi bai yi ba, lantarki da na'urori masu sarrafa kansu sun yi. Ɗaya bayan ɗaya aka riƙa sallamar masu gadi, Slettnes a 2005, Bøkfjord a 2006.

Inda GPS yake da rauni

Taurarin GPS suna shawagi a nisan kusan kilomita 20,200 daga ƙasa. Kowanne na aiko da saƙon da ke faɗin inda yake da ainihin lokacin da ya aika. Waya na auna tsawon lokacin da saƙon ya ɗauka kafin ya iso, daga taurari aƙalla huɗu, ta lissafa inda take. Kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa na jawo kuskuren mita 300.

Kafin saƙon ya iso ƙasa ya yi rauni ƙwarai, har ya fi hayaniyar rediyon da ke cikin iska rauni. Shi ya sa ƙaramar na'ura da ke watsa hayaniya a kan zangon za ta iya danne shi, kamar mai raɗa a gefen lasifikar biki. Wannan shi ne toshewa, kuma ya fi shafar jiragen sama saboda babu tudu ko gini da ke kare su. A 2024 kamfanin Finnair ya dakatar da zuwa birnin Tartu na Estoniya na wata guda saboda haka.

Wanda ya fi muni shi ne siginar bogi. A nan na'ura ba ta cewa ta ɓace, sai ta nuna wurin ƙarya da cikakken tabbaci. A 2013 masu bincike daga Jami'ar Texas, ƙarƙashin Todd Humphreys, sun karkatar da wani jirgin ruwan alfarma a Bahar Rum ta wannan hanya ba tare da na'urorinsa sun yi ƙara ba. A 2017 jirage sama da 20 a Baƙin Teku sun ga na'urorinsu na nuna cewa suna filin jirgin sama, a kan tudu.

Wani lokaci ma babu hannun kowa. A 1995 jirgin fasinja Royal Majesty, ɗauke da mutum sama da 1,500, ya kafe a rairayi kusa da tsibirin Nantucket na Amurka. Wayar eriyar GPS ɗinsa ce ta cire, na'urar ta koma kintace, jirgin ya kauce mil 17 daga hanya. Masu tsaron gaba sun ba da rahoton fitilun da bai kamata a gani a wurin ba, amma jami'an jirgin sun fi yarda da allo.

Norwe ta taɓa samun wata hanyar ta rediyo mai suna Loran-C, mai tashoshi a ƙasa da sigina mai ƙarfi, ta rufe ta a ƙarshen 2015. Shekara biyu bayan haka aka fara toshe GPS a Finnmark. Yanzu a tsibirin Andøya hukumomin ƙasar na shirya wani taro duk shekara mai suna Jammertest, inda ake toshe sigina da aika ta bogi da gangan, kamfanonin motoci, jirage da na'urori su zo su gwada ko kayansu za su jure.

Dalilin da ya sa ba a kashe su ba

Hukumar kula da gaɓar teku ta Norwe, Kystverket, na ci gaba da kula da fitilun. Yawancin ƙananan sun koma LED da sola. Wasu hasumiyoyin na ɗauke da na'urar da ke amsa wa radar jirgi da alamarta, wasu na ɗauke da eriyar AIS, tsarin da jiragen ruwa ke sanar da juna inda suke. Sai dai AIS ma daga GPS yake samun wurin da yake sanarwa, don haka in an ruɗi ɗaya an ruɗi ɗayan. Fitila ba ta cikin wannan sarƙa. Tana nan inda aka gina ta, ba a iya matsar da ita daga nesa da kwamfuta. Raunin ta hazo ne da dusar ƙanƙara, abubuwan da ba sa damun GPS. Amfanin haɗa su ke nan: abin da ke kayar da ɗaya ba ya kayar da ɗayan. Da tsohuwar zuma ake magani.

Wannan ya shafi wayar da ke aljihu ma. Wayoyin yanzu na sauraron Galileo na Turai, GLONASS na Rasha da BeiDou na Sin tare da GPS, amma zangonsu na kusa da juna, mai toshewa kan iya haɗa su duka. Masu zango biyu, waɗanda suka fara da Xiaomi Mi 8 a 2018 suka iso iPhone 14 Pro a 2022, sun fi daidaito a tsakanin dogayen gine-gine, amma su ma ba su fi ƙarfin toshewa ba. Sauke taswira a waya na maganin rashin data ne kawai, ɗigon da ke nuna inda mutum yake har yanzu daga sama yake zuwa. Abin da matuƙan jiragen ruwa ke yi shi ne su gwada abin da allo ya faɗa da abin da ido ya gani, kuma in sun saɓa, su rage gudu har sai sun gane wanda ya yi kuskure.

Gine-ginen kansu sun samu sabon aiki. Sama da 80 na ƙarƙashin dokar kare kayan tarihi. Lindesnes ta zama gidan tarihin fitilun ƙasar, kuma a hanyar shiga akwai allon da ke nuna kilomita 2,518 zuwa Nordkapp a can arewa. A wurare irin su Kråkenes da Kjeungskjær, jar hasumiyar nan mai kusurwa takwas da ke tsaye a kan dutse a tsakiyar ruwa, baƙi na biya su kwana a ɗakunan masu gadi. A Slettnes ana kashe fitilar a watannin bazara, lokacin da rana ba ta faɗuwa. Da dare ya fara dawowa a watan Agusta sai a sake kunna ta, ta ci gaba da ci har bayan hunturu.